Na ga jiragen kwal a York, ina namu suka shiga?

Sadiq_Leeds
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki iyali muka je York, gidan tarihin jiragen ƙasa na Ingila. Daga Leeds tafiyar ba ta kai rabin awa ba, gidan kuma yana bayan tasha, da ƙafa muka ƙarasa. Ba a biyan kuɗin shiga, wanda ya ga dama ne yake ba da abin da ya sawwaƙa. Tun 1975 aka buɗe shi.

Kana shiga babban ɗakin za ka ga kawunan jiragen kwal sun yi da'ira, kowanne an goge shi yana sheƙi. Akwai wani shuɗi mai suna Mallard, wanda ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, wato kilomita 203, kuma har yau babu jirgin tururi da ya kamo shi. Na tsaya kusa da ƙafarsa, ta fi ni tsawo. Akwai taragon Sarauniya Victoria na 1869, cikinsa kamar falon gidan sarauta. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne wani kan jirgi, Ellerman Lines, da suka tsaga gefensa tun daga kai har ƙarshe don mutum ya ga hanjinsa: inda wuta take, inda ruwa yake, da bututan da zafi ke bi. Yarona ɗan shekara 8 ya ƙi barin wurin.

A hanyar dawowa ya ce da ni, Abba, mu ma a Zariya muna da irin wannan? Na ce mun taɓa yi. Ya ce ina suke? Na yi shiru. Shi ne na kawo tambayar nan: ina jiragen kwal ɗinmu suka shiga, kuma akwai inda mutum zai kai yaro a gida ya gani da idonsa? Ni dai a ganina mun yi sakaci da wani babban yanki na tarihinmu, kuma idan akwai garin da ya cancanci irin wannan gida a Arewa, Zariya ce.

UmmuHanan
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya raya mana yaran. Ni kam ban taɓa ganin jirgin kwal ba sai a hoto. Kakata ce ke kwaikwaya mana kukansa muna yara, ciki-ciki-ciki. Me ke kawo wannan sautin ne don Allah?

Ɗan_Anguwar_Rogo
Malam Sadiq, ba duka suka ɓace ba. Ka kawo shi Jos idan kun zo hutu. A harabar gidan tarihin Jos akwai ƙananan kawunan jirgi da taragu na tsohon layin da ya taso daga Zariya ɗin taku. Muna firamare aka kai mu, har aka bar mu muka taɓa.

Malamin_Tarihi
Ɗan_Anguwar_Rogo ya yi gaskiya. Wannan layin shi Turawa ke kira Bauchi Light Railway, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. A lokacin duk tsaunin Jos yana cikin lardin Bauchi ne. Saboda kuza aka yi shi. Kafin shi a ka da kan jakuna ake sauko da kuza. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Siriri ne, faɗin digarsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne, don haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da babban layi ya hau Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957.

Bayan Jos, akwai ƙaramin kan jirgin nan na Zungeru da aka ajiye a tashar Minna, na layin da aka shimfiɗa tun farkon zuwan Lugga don kai kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa hedikwatarsa. A Legas kuma, cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, akwai Jaekel House, gidan bene na 1898 da aka gyara aka mai da shi ɗan gidan tarihi, da hotuna da kayan aiki. To ka ga akwai, sai dai a warwatse suke, kuma mutanenmu da yawa ba su san da su ba.

Bakatsine77
Ku yi mini haƙuri, ni ban ga abin kewa ba a nan. Bature bai shimfiɗa diga don kakanninmu su je ziyara ba. Ku dubi taswira: kowane layi daga inda ake haƙo wani abu ko noma wani abu ya taso, ya nufi bakin teku. Kuza, gyaɗa, auduga, fatu. Su a Ingila suna da dalilin goge injinansu, da su suka yi arziki. Mu kuwa da su aka kwashe namu. Sannan a yau da mutane ke neman abin sa wa a baka, a ce a ware kuɗi don fentin tsohon ƙarfe?

Sadiq_Leeds
Yaya Bakatsine77, ban musa maka ko ɗaya ba a zancen taswira. Amma ai shi ya sa nake son yaro ya ga abin. Idan na ce masa an kwashe gyaɗarmu, labari ne. Idan ya tsaya gaban taragon da aka loda ta, ya ga girmansa, wannan ba zai manta ba.

Injiniya_Rigasa
Hajiya UmmuHanan, bari in amsa miki kafin zance ya yi nisa. Jirgin kwal babbar tukunya ce a kwance a kan ƙafafu. A bayanta akwai murhu inda ake zuba kwal. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, har ya fita ta gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya matse, don ba shi da hanyar fita. Direba na buɗe masa hanya sai ya shiga silinda ya tura fistin, fistin ya tura sandar ƙarfe, sanda ta juya ƙafa.

To tururin da ya gama aiki, ta bututun hayaƙi ake sako shi da ƙarfi, kuma wannan fitar ita ce sautin da kakarki ke kwaikwaya. Inji mai silinda 2 yana yin sa sau 4 a kowane juyi ɗaya na ƙafa. Hikimar da ke ciki ta fi sautin daɗi: duk fitar da tururin ya yi yana janyo iska ta cikin murhu, kamar maƙeri na zuga. Wato iya wahalar da injin ke sha, iya yadda yake hura wutar kansa. Wannan dabarar, da ta bututai masu yawa, suna jikin Rocket, kan jirgin da su Stephenson suka ƙera a Ingila, tun 1829, kuma a kansu aka tafi har ƙarshen zamanin tururi.

UmmuHanan
Ikon Allah. Ashe numfashinsa ne. Na gode ƙwarai Injiniya, yanzu na gane.

Ɗan_Loko
Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban cika magana ba, amma wannan ta taɓa gidanmu. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a loko na Zariya, wato wurin ajiyewa da gyaran kawunan jirgi, ya fara aiki jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Yana nan da ransa, ya haura 80, idonsa ya yi rauni. Jiya bayan isha'i na karanta masa abin da kuka rubuta, na nuna masa hoton shuɗin jirgin nan da na nemo. Ya kawo wayar daf da fuskarsa ya daɗe yana dubawa. Abin da ya fara cewa shi ne, wannan ba a hura shi ba, sanyi gare shi.

Ya ce in gaya muku ba a fara aikin da tuƙi. Shekaru ya yi yana goge inji da kwashe toka, kafin a ba shi shebur ya zama mai zuba kwal, kafin daga baya ya zama direba. Ya ce zuba kwal ba ƙarfi kaɗai ba ne. Ba tulawa ake yi ba, watsawa ake yi, kaɗan-kaɗan, kusurwa-kusurwa, kana kallon launin wutar. Idan ka tula da yawa ka shaƙe ta, hayaƙi ya yi baƙi, tururi ya faɗi. Idan ka bar rami iska mai sanyi ta shiga. Kuma dole ka san hanya kamar tafin hannunka, don tun kafin a iso hawa za ka gina wuta, ba sai an fara hawan ba. Ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, domin idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, to rayuka ne.

Ya ce gabanka wuta, bayanka iskar hunturu, a tsaye, jirgi na jijjiga, tun daga tashi har sauka.

Sadiq_Leeds
Allahu Akbar. Ɗan_Loko, a gaishe mana da Baba ƙwarai, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganarsa gaskiya ce, sanyi gare su. Babu ƙaurin kwal, babu zafi, ko ɗigon mai babu a ƙasa. Na yi awa 4 a gidan nan, amma abin da ka rubuto yanzu ban same shi a jikin kowane allo ba.

Injiniya_Rigasa
Zancen ruwa da Baba ya yi, shi ya sa ake dasa wasu 'yan toshe masu darma a rufin murhun. Idan ruwa ya janye daga kansu darmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya ankarar da su kafin ƙarfe ya yi laushi tukunya ta fashe. Ɗan_Loko, tambayar mana shi ko ya taɓa ganin hakan ta faru.

Aliyu_Sabongari
Ni na ɗauka Flying Scotsman ne ya fi kowa gudu. Shi ne sunan da aka fi ji.

Sadiq_Leeds
Ya fi suna dai, Malam Aliyu. An ƙera shi a 1923, kuma shi ne aka tabbatar ya kai mil 100 a 1934. Mutum ɗaya ne ya zana su duka biyun, Nigel Gresley. Shi ma mallakar gidan York ne tun 2004, amma da yake har yanzu yana aiki, yawo yake yi, ba kullum ake samunsa ba. Ranar da muka je ba ya nan.

Injiniya_Rigasa
A ƙara da cewa gudun Mallard a gangara aka yi shi, a wani wuri da ake kira Stoke Bank kudu da Grantham, kuma na ɗan lokaci ne ƙalilan. Bayan nan wani sashe na injinsa ya yi zafi, dole aka cire shi daga jan taragun a Peterborough. Jamusawa ne ke riƙe da kambun kafin nan, kilomita 200.4 a 1936, tazarar ba ta da yawa. Ba rage masa daraja nake yi ba. Mai zuba kwal ɗin ranar, Tommy Bray, shi nake tunawa yanzu da na ji bayanin Baba. Ka duba irin shebur ɗin da ya zuba kafin a kai wannan gudun.

Bakatsine77
Ɗan_Loko, Allah ya saka wa Baba da alheri, ina girmama guminsa. Amma ga shi kun koma yabon injin Bature. Wa zai yi zancen waɗanda suka haƙa hanyar? A garinmu har yau idan aiki ya yi tsanani tsofaffi na cewa kamar aikin diga. Ba da son ransu aka kwashe su ba.

Malamin_Tarihi
Nan kam ina bayanka, Bakatsine77. Layin Baro zuwa Kano, mil 356, an fara shi ne zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne kafin ya gaji Lugga a 1907. An yi shi da araha, kuma sirrin arahar shi ne ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, kowane gari a yanka masa adadin da zai kawo. An biya su wani abu, amma ƙin zuwa ba zaɓi ba ne, kuma mutane sun bar gonakinsu. Diga ta iso Kano a 1911 zamanin Sarki Abbas, aka buɗe wa jama'a a 1912. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi har waƙa ya rubuta a kan aikin, Waƙar Diga.

Inda na rabu da kai shi ne cewa da ka yi kwashe mu kawai aka yi. Auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragun, don masaƙun Lancashire a Ingila, har suka kafa injin gurza a Zariya. Manoman Kano da fatake suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, ga shi idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, auduga kuwa ba a ci. Suka juya ga gyaɗa, tashar Kano ta cika har jirgi ya kasa kwashewa. Wannan shawarar kakanninmu ce, ba ta Bature ba. Alhassan Ɗantata da ire-irensa a nan suka ginu. Gidan tarihin da zai faɗi gaskiya dole ya nuna diga da kwandon ƙasa na lebura, ya kuma nuna buhun gyaɗa.

Hajiya_Kumasi
Gaisuwa daga Zongo. Ku sa goro a lissafi. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suke kai goro daga Gwanja zuwa Kano, wata da watanni. Da jirgi ya zo sai hanya ta juya: a sauko da shi bakin teku, a sa a jirgin ruwa zuwa Legas, a hau da shi Kano a tarago. Wasu zangunan tsohuwar hanya sun mutu saboda haka, wasu gidaje kuma sun tashi. Namu gidan yana cikin waɗanda suka zauna a nan ba su koma ba.

Maradi_Katsinawa
Mu ma nan Maraɗi gujiyarmu ta Kano take fita shekaru da yawa, don ita ce tasha mafi kusa da mu duk da iyakar da Faransa da Ingila suka ja. Raƙuma da motoci ke kai ta. Ga shi yanzu ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Allah ya nuna muna ranar da za mu hau.

Sadiq_Leeds
Amin. Malamin_Tarihi, zancen gyaɗa ya tuna mini wani abu. A York akwai wani ƙaton baƙin kan jirgi da aka ƙera wa ƙasar Sin a 1935, daga baya Sinawa suka mayar wa gidan kyauta. Ya fi na Ingila duka tsawo, don ba zai ma iya bin layukansu ba. Masana'antar da ta ƙera shi Vulcan Foundry take da suna. Ina jin na taɓa ganin sunan a zancen jiragenmu.

Malamin_Tarihi
Ka gani kuwa. Su ne suka fara ƙera mana jiragen da ake kira River class a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Najeriya. Bayan yaƙin duniya na biyu injinan da ke akwai sun gaji, gyaɗa ta taru a Kano ta rasa mai ɗauka. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hoto, a wancan lokacin alama ce ta cewa jirgi ya gaza, buhuna na jiran tarago har wata kaka ta riske su.

Ɗan_Loko
Na koma wa Baba da saƙonninku. Da na ambaci masu sunan koguna sai ya gyara zama, ya ce su ne ya fi daɗewa a kai. Ya ce kowane inji da halinsa ko da tare aka ƙera su, wani mai saurin tururi, wani sai an lallaɓa shi.

Injiniya, ya ce shi bai taɓa narkar da darma ba, alhamdu lillahi, kuma abin kunya ne babba ga wanda ta faru a hannunsa. Abin da ya fi ba su wahala damina ce, idan diga ta jiƙe a kan hawa ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Akwai akwatin yashi da ke zubawa gaban ƙafa, idan ya toshe sai mutum ya sauka yana watsawa da hannu yana bin jirgin. Da rani kuma tartsatsi ke tashi daga bututu ya kama ciyawa a gefen hanya, manoma su yi ta kuka da su. Ya ce ruwa ya fi kwal saurin ƙarewa nesa ba kusa ba, shi ya sa za ku ga tankuna a tashoshin da ko gari babu sosai.

Ga Bakatsine77 kuma ya ce in faɗa maka, da girmamawa, cewa kakansa shi ma an ɗauke shi aikin diga, kuma bai taɓa faɗin alherin aikin ba har ya rasu. Amma ya ce lokacin da shi ya hau inji babu Bature a kai. Su ne ke tuƙawa, su ne ke gyarawa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe a kwatas ɗaya, matansu na aron gishiri a wurin juna. Ya ce idan an ce jirgin na Bature ne kaɗai, to shekarunsa na wa ke nan?

Bakatsine77
Baba ya ɗaure ni. Ba ni da amsar wannan, kuma ba zan yi jayayya da dattijo a kan rayuwarsa ba. A ba shi haƙuri idan maganata ta sosa masa rai. Abin da na tsaya a kai shi ne kada a yi gidan da zai nuna ƙarfe mai sheƙi a ɓoye bulala. A sa mahaƙa kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949. Kwal ɗin da ake zubawa a murhun nan daga hannunsu ya fito.

Comrade_Kafanchan
A sa da yajin aikin 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta, wanda ya haura wata guda. Ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayansa. Da jirgi ya tsaya komai ya tsaya, a nan talaka ya fara gane yana da ƙarfi. Garinmu kuwa jirgi ne ya haife shi gaba ɗaya.

Alhaji_Fagge
Tun ɗazu ina karantawa. Ina so in tuna wa alhazai cewa akwai irin wannan gida a wurin da da yawanmu mun taɓa zuwa ba mu lura ba. A Madina, unguwar Anbariyya, ba nisa da Harami, tsohuwar tashar jirgin Hijaz tana nan da gininta na dutse, an mai da ita gidan tarihi. Na shiga shekarun baya da na je Umra, na ga kan jirgin tururi da taragu. Sultan Abdulhamid na biyu ne ya sa aka fara layin daga Dimashƙa a 1900, ya iso Madina a 1908, da gudummawar Musulmin duniya a cikin kuɗin. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana 40 ta koma 'yan kwanaki. Bai kai Makka ba, yaƙin duniya na farko ya lalata shi. Wannan kam ba don kwasar arzikin kowa aka yi shi ba, don baƙin Allah aka yi, ga shi sun adana.

Malamin_Tarihi
Allah ya karɓa, Alhaji. Sai dai shi ma akwai siyasa a ciki, Daular Usmaniyya na son hanyar kai sojoji Hijaz cikin sauri. Layin dogo da wuya ka same shi da manufa ɗaya tak.

UmmuHanan
To wai me ya kashe jirgin kwal ɗin? Tsufa ne ko kwal ne ya ƙare?

Injiniya_Rigasa
Lissafi ne, Hajiya. A cikin zafin da kwal ke bayarwa, ko kashi 10 cikin 100 ba ya zama tafiya, saura hayaƙi da iska ke kwashewa. Idan inji ya huce sai an yi awoyi ana hura shi kafin ya motsa, ga wankin tukunya, ga kwasar toka, ga tsayawa shan ruwa. Na dizal kuwa tayarwa kawai za ka yi. Ingila ta ƙera na ƙarshe, Evening Star, a 1960, ta daina aiki da su a manyan layuka a Agustan 1968. Mu an fara kawo na dizal a 1955, sannan yaƙin basasa daga 1967 ya yanke kwal ɗin Inugu, abin ya ƙara sauri. Daga nan aka riƙa jingine su a bayan loko.

Aliyu_Sabongari
Muna yara akwai wasu a jere a wata tasha da ba zan ambata ba, ciyawa ta fito ta cikinsu, muna hawa muna wasan direba. Da na koma bayan shekaru ko ƙusa babu. An ce an yanka an sayar a kilo. Har yau idan na tuna raina na ɓaci, don da ido na gan su, cikakku, har da lambobinsu na tagulla.

Sadiq_Leeds
Ka ga amsar tambayar yarona ke nan, mai ɗaci. Abin da na lura a nan, ba gwamnati kaɗai ta tsare nasu ba. Da aka daina aiki da su, mutanen gari ne suka riƙa haɗa kuɗi suna sayo su daga hannun masu yankan ƙarfe. Arewa da York akwai layi mai mil 18 daga Pickering zuwa Grosmont da jiragen kwal ke bi har yanzu, yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, da tsofaffin ma'aikata da matasan da suke koya wa. In sha Allahu can zan kai yaran da bazara, su ji ƙauri da zafin da Baba ke faɗa. Kuma ba sai ƙasa mai kuɗi ba: Saliyo ta rufe layinta tun shekarun 1970, amma a 2005 ta buɗe gidan tarihin jirgi a Freetown da abin da ya tsira a cikin wata tsohuwar ma'aikata.

Bakatsine77
Har yanzu ina ganin asibiti da makaranta sun riga shi. Amma idan mutane ne za su yi da kansu ba a taɓa kuɗin talaka ba, ba ni da ja.

Ɗan_Anguwar_Rogo
Ni kuma ina ganin a fara da kula da na Jos da na Minna da suke ƙasa, kafin a yi zancen sabon gini a Zariya. Rumfa ma kaɗai da za ta tare ruwan sama babban abu ce ga ƙarfe.

Malamin_Tarihi
Ƙarfe yana iya jiran shekara 10, Ɗan_Loko, amma irin su Baba sun yi ƙaranci. Don Allah ka kunna wayarka ka naɗi muryarsa, ko minti 20 ne kowane dare. Kada ka tsara masa, ka bar shi ya bi hanya tasha-tasha, daga Zariya zuwa Kano, daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda. Ka tambaye shi sunayen da suke kiran kayan aiki da bakinsu, da abin da suke ci a hanya, da yadda suke sallah a kan aiki, da yadda aka yi ranar da aka raba shi da injin kwal aka ba shi na dizal.

UmmuHanan
A tambayar mana Mama ma idan tana nan. Wankin kayan mai zuba kwal da jiran miji kwana da kwanaki, ita ma tana da nata labarin.

Ɗan_Loko
Tana nan, Hajiya, kuma tun jiya take sa baki tana gyara masa shekaru. Malam, na fara daren nan. Na ce ya fara daga Zariya, ya ce a'a, daga ranar da aka ba shi tsumma da bokiti zai fara. Mun yi minti 40 ba mu ko fita daga loko ba. Ya sa ƙanwata ta buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe, sai ga fitilarsa ta hannu, gilashin ja da kore duk lafiya lau.

Malam Sadiq, ya ce idan kun zo Zariya ka kawo masa yaron, zai nuna masa yadda ake riƙe shebur. Ya kuma ce ka sake duba masa wancan da aka tsaga, ka ɗauko hoton cikin murhun daga kusa, don shekarun da ya yi yana zuba masa kwal bai taɓa ganinsa ta gefe ba.

Sadiq_Leeds
In sha Allahu. Ina da guda biyu a waya amma daga nesa ne, zan koma ranar Asabar in ɗauko na kusa. Ta ɓangaren ƙofar wuta yake so, ko ta inda bututan suka fara?